Waya kawai gare ni, ta ina zan fara?

Malama, kin ce kina karatun NCE, ba ki da kwamfuta sai waya, kina son ki iya koyarwa da fasahar zamani. Wayar ta isa a fara. Ki buɗe Google Forms, wato shafin Google na tsara tambayoyi, ki shirya ɗan gwaji a darasinki. Idan kin saka amsoshin, shi zai ba da maki da kansa.

Amma ki nemi kwamfuta, ko ta haya ce a shagon intanet, hannunki ya saba da rubutu a kanta. Tun 2015 a kwamfuta ake zana JAMB, jarrabawar hukumar rajistar malamai (TRCN) da ke jiranki ma a kwamfuta ake yin ta.

Lokacin koyarwar gwaji kuwa, ki sauke bidiyo da hotunanki tun daga gida, don wuta da intanet ba su da alƙawari.