An ce mu koma gida da Baba, shin in faɗa masa gaskiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Mahaifinmu shekararsa 68, manomin shinkafa ne a fadamar Argungu. Wata huɗu ke nan cikinsa na kumbura, idanunsa sun yi ɗorawa. Daga Birnin Kebbi aka tura mu Sakkwato, likita ya ce kansar hanta ce, ta riga ta ci jiki, mu koma gida mu yi jinya. Yayanmu ya hana a faɗa masa, ciwon shawara muke ce masa. Yanzu ya daina cin abinci, Inna na ɗura masa kunu har ya shaƙe, dare kuma ba ya runtsawa don ciwo. Yaya zan yi? Daga wata 'yar'uwa, Argungu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sa kaffara ne, ya ba ku ladan jinya.

Kunun nan ya fi komai gaggawa. A daina ɗura. Ciwon ne ya ɗauke masa sha'awar abinci, kuma ɗura na iya kai kunu cikin huhu ya ƙara masa wata wahalar. A tada shi zaune, a ba shi cokali biyu ko uku, in ya kau da kai a ƙyale shi. A riƙa jiƙa masa baki da auduga mai ruwa, a shafa man kaɗanya a leɓe. Amma ki lallaɓa Inna. Matar da ta shekara da shekaru tana tuƙa masa tuwo, ba a ce mata "kina cutar da shi". Ba ta wani aikin: ta riƙa matsa masa ƙafa, ku taimaka mata juya shi duk awa 2 don kada gyambon kwanciya ya kama shi.

Ciwon dare kuwa yana da magani. Ku koma wurin likita ku tambayi mofin na sha, wato maganin rage zafin ciwo mai ƙarfi. Likitan ne zai auna daidai da raunin hantar, a riƙa ba Baba kan lokaci, ba sai ciwo ya taso ba. Mofin yana ɗaure ciki, don haka a haɗo da maganin sassauta bayan gida. Ku guji su diclofenac da ibuprofen na kemis, suna iya jawo wa mai ciwon hanta zubar jini a ciki. In ruwan cikin ya hana shi numfashi, ana zuƙe shi a asibiti ya samu sauƙi. A Landan tun 1967 aka buɗe gida na musamman don irin wannan jinya. Mu a nan ɗakin Inna ne gidan, ku ne ma'aikatan.

Sai maganar yayanku. Na san tausayi ne ya sa shi, amma ban goyi bayansa ba. Na yi shekara 30 ina aikin jinya, kuma yawancin dattawan da aka ɓoye wa sun riga sun sani. Su ma shiru suke yi don kada su tada hankalin 'ya'yansu, sai gida ya cika da mutane kowa na yi wa kowa kara. Mu ma haka muka yi wa kawuna. Ya rasu bai faɗi wanda ya ba jinginar gonarsa ba, har yau 'ya'yansa ba sa ga-maciji da maƙwabcinsu.

Ban ce ki je ki sauke masa magana kamar dutse ba. Ki samu lokacin da 'yan dubiya suka watse, ki ce, "Baba, kai yaya kake ganin jikin nan?" In ya sauya zance, ki bi shi. In ya tambaye ki kai tsaye, kada ki yi masa ƙarya. Faɗin abin da likita ya gani ba yanke ajali ba ne, wannan na Allah ne. Amma mutum na da haƙƙin ya faɗi bashin da ke kansa da amanar da ke hannunsa, ya yi wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba, ya nemi gafarar wanda yake so. In yayanku ya ƙi jin taki, ki sa ƙanin Baba ko limamin unguwa ya yi masa magana.

Ku ma ku je a gwada jininku, har da Inna. Ciwon hanta nau'in B na cikin manyan sanadin wannan kansa, yana bin gida ɗaya, kuma akwai rigakafinsa, allura 3.

Salla kuwa, Baba ya yi ta a zaune, ko a kwance ta gefensa, da taimama in ruwa na wahalar da shi. In kwanaki suka matso za ku ga barci ya yawaita, numfashi na yankewa yana dawowa, wani lokaci da ƙara a maƙogwaro. Kada ku rikice ku ɗauko mota. Ɗayanku ya zauna kusa da kunnensa ya faɗi kalmar shahada a hankali. In ya maimaita, a bar shi haka, ba sai an yi ta nanata masa ba, sai fa in ya sake yin wata magana.