Bishiyoyin Nasaba Biyu Sun Saɓa, Wacce Zan Ɗauka?

Tambaya: Dakta, ina digiri na biyu kan bakteriya masu jure magani. Na zana bishiyar nasaba da 16S rRNA, ƙwayar gadon da aka saba amfani da ita wajen gane dangantakar bakteriya, na zana wata da ƙwayar gadon jure magani, sai suka saɓa. A ta biyun, Klebsiella da E. coli, bakteriya biyu mabambanta, sun fito kamar 'yan ɗaki ɗaya. Barci ya ƙaurace mini, ga ranar kare aiki ta ƙarato. Ina na kuskure?

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki, mai yiwuwa babu inda kika kuskure. Ta farkon tarihin bakteriyar ne, ta biyun kuwa tarihin ƙwayar gado guda ce mai yawo. Tun 1959 aka nuna a Japan cewa juriyar magani na tsallakawa tsakanin Shigella da E. coli.

Abin da ke ƙona mini rai, kullum sai na gamu da wanda ya ga ƙwayar gado iri ɗaya a jikin marasa lafiya biyu, ya jefa ta cikin BLAST, manhajar da ke nemo ƙwayoyin gado masu kama da juna, ya kwashi sunan da ya fito a layin farko, ya rubuta rahoto wai cuta guda ce ta ɓarke. Haba! Wanda ya ari riga ai bai zama ɗan mai rigar ba. Dubi mcr-1, wani guntun gado mai karya ƙarfin maganin colistin, da aka ba da rahotonsa daga China a 2015. A kan filasmid yake, wato ɗan guntun DNA da ke iya tsallakawa daga wannan bakteriya zuwa waccan, kuma an same shi a E. coli, da Klebsiella, da Salmonella. Sai a rufe ɗakin marasa lafiya ana farautar bakteriya ɗaya, filasmid kuwa na can yana sauya masauki. Haka nan suna ba ya wanke bakteriya: a 2001 an ga E. coli O157:H7, mai sa cuta, na da ƙwayoyin gado 1,387 da E. coli K-12 ta ɗakin gwaji ba ta da su, gubar Shiga ma bairos ne ya kawo mata.

16S ɗin ma kada ki rantse da shi, da ƙyar yake raba E. coli da Shigella.

Ki gina bishiyarki da ɗaruruwan ƙwayoyin gadon da duk samfuranki suka yi tarayya a kai, ki cire sassan da ke da alamar musanya, ki yi wa filasmid nazari daban. Ranar kare aiki ki ajiye bishiyoyin biyu gefe da gefe, ki nuna wa malamanki reshen da suka rabu.