Giram 10 na haidirojin da giram 40 na oksijin ba sa bayar da giram 50 na ruwa

Ƙanena, tambayarka ita ce giram nawa na ruwa za a samu idan giram 10 na haidirojin ya haɗu da giram 40 na oksijin. Giram 50 ɗin da ka samu ita ce amsar da ɗalibai suka fi kawo min tun da na fara koyar da kimistiri, kuma ba daidai ba ce. Na san tunaninka: tunda dokar Lavoisier ta ce nauyi ba ya ɓacewa, sai ka tara 10 da 40. Dokar tana nan daram, amma ba ta ce dole duk abin da ka zuba ya shiga haɗin ba.

Fara da daidaita ikweshon: 2H₂ + O₂ → 2H₂O. Lambobin da ke gaban sinadaran nan adadin mol (ma'aunin ƙidayar ƙwayoyin sinadari) suke nunawa, ba giram ba. Mol ɗaya na haidirojin (H₂) giram 2 ne, na oksijin (O₂) giram 32, na ruwa kuma giram 18. Ke nan giram 4 na haidirojin ne ke haɗuwa da giram 32 na oksijin su bayar da giram 36 na ruwa. Kowane giram ɗaya na haidirojin yana cin giram 8 na oksijin, ba ƙari ba ragi.

Yanzu koma kan tambayarka. Raba 40 da 32, ka samu mol 1.25 na oksijin. Ninki biyu na haidirojin yake buƙata, wato mol 2.5, giram 5 kacal. Kai kuwa giram 10 gare ka, don haka oksijin ne zai riga ƙarewa, shi ne kuma zai yanke yawan ruwan. Ruwan ma mol 2.5 ne, ka ninka da 18: giram 45. Ragowar giram 5 na haidirojin yana nan a matsayin iska, bai samu abokin haɗi ba. Tara 45 da 5, ga hamsin ɗinka ta dawo.

Inda na fi jan jar biro a takardun ɗalibai shi ne wajen O₂. Sai yaro ya ga 16, nauyin ƙwayar oksijin ɗaya, a jadawalin sinadarai ya ɗauka haka nan maimakon 32, ya manta ƙwayoyin oksijin bibbiyu suke tafiya a iska. Daga nan lissafi ya karkace har ƙarshe, ko da sauran matakan sun yi kyau.

Idan an ba ka nauyin ƙwayar haidirojin (H) a matsayin 1.008 maimakon 1, yi aiki da shi. Mol na ruwa zai koma kusan giram 18.02, amsarka ta ɗan haura 45 da kaɗan.