Horo ya daina aiki a makarantarmu, ta ina za mu fara gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mataimakiyar shugaban makaranta ce kuma ladabtarwa a hannuna take. Wallahi mun gaji, kullum yaran nan dai su ake kawo min ofis, a hore su yau gobe su sake. Na ji ana maganar wani tsari da makaranta gaba ɗaya ke bi don a tari matsala tun kafin yaro ya yi laifi, don Allah ya ake fara shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, sannu da fama. Tsarin da kika ji PBIS ake ce masa a taƙaice, wato tsarin ƙarfafa kyakkyawar ɗabi'a a makaranta, daga Amurka ya fito, George Sugai da Robert Horner lokacin suna Jami'ar Oregon su ne suka yi fice wajen gina shi, kuma tun 1997 dokar ilimin yara masu buƙata ta musamman ta can ta ambaci irin wannan hanyar. Kar sunan ya ruɗe ki, maganar duka ita ce ɗabi'a koyar da ita ake yi kamar lissafi. Yaron da ya kasa raba goma gida biyu ai sake nuna masa kike yi a allo, toh me ya sa wanda bai iya shiga layi ba shi sai ofis?

Da malamai za ki fara, kuma gaskiya nan wahalar take. Masu tsarin suna so kusan kashi 80 cikin 100 na ma'aikata su yarda kafin a ƙaddamar, ma'aikata fa na ce, har da maigadi da mai shara da direba. Dalili kuwa, in yaro ya zo leti wannan malamin ya kau da kai, wancan ya kore shi daga aji, na ukun ya yi dariya ya ce shigo, abin da yaron zai koya shi ne halin kowane malami, dokar kam ba zai taɓa ɗaukarta da muhimmanci ba. Yara sun fi mu iya karantar wannan.

In kun haɗa kai sai ku zaɓi ƙa'idoji 3 zuwa 5 kawai, gajeru, waɗanda ke faɗin abin da za a yi, misali girmama kowa, riƙe amana, kiyaye lafiya. Ki aje dogon jerin nan na "banda kaza banda kaza" da ba mai iya haddacewa. Amma manna su a bango kaɗai ba ya komai, sai an fassara kowace ƙa'ida a kowane wuri. Girmamawa a aji ita ce ɗaga hannu kafin magana, a banɗaki ita ce ƙwanƙwasa ƙofa da jiran layi. Kuma a wurin ake koyarwa, makon farko malami ya kwashi ajinsa ya kai su bakin matakala ya ce ku kalle ni, ya sauko ta gefe ɗaya a hankali hannu a kan ƙarfe, sannan ya sa su yi biyu biyu yana kallo, wanda ya ruga a ce dawo ka sake ba tare da tsawa ba. Minti goma ne. Bayan kowane dogon hutu a maimaita saboda sun manta, haka yara suke.

Sai yabo, wanda mu manya muke rowarsa. Ana ba da shawarar kamar yabo 4 ga kowace gyara 1, kuma ya zama an faɗi abin da yaron ya yi, "na ga ka ɗauke takardar nan daga ƙasa ba wanda ya sa ka, madalla" ta fi "yaron kirki" nesa ba kusa ba. Wasu makarantun suna raba tikiti ko maki, wani malamin zai ce miki ai wannan cin hanci ne. Ni a ganina tikitin nan malami ya fi yi wa amfani, shi ke tuna masa ya buɗe ido ya ga mai yin daidai, in yabon ya zama jiki a rage shi.

Hukunci bai tafi ko'ina ba fa. Ku dai rubuta ku raba, ƙananan laifuka irin surutu da rashin kawo littafi malami ya gama da su a aji, manya irin faɗa da cin zali su ne na ofis, kowa ya bi hakan.

Abin da zai fi ba ki mamaki rejista ce. Duk wanda aka kawo a rubuta me ya yi, a ina, ƙarfe nawa, ƙarshen wata kwamiti ya zauna ya duba. In kika ga yawancin faɗan a minti biyar na bayan tara ne a lungu guda, kinga sai a tsayar da malami a lungun kawai, an wuce wurin.

Game da yaran naki na kullum, tsarin hawa uku ne. Kusan kashi 80 na yara abin da na lissafa ya ishe su, kusan 15 suna son ƙari, misali kati da yaro zai karɓa da safe wajen wani babba da yake jin daɗinsa, kowane malami ya sa masa maki bayan darasi, in an tashi ya koma su duba tare ya kai wa iyaye. Sauran kusan 5 sai an zauna an gano me laifin ke samar musu, wani so yake a kore shi daga aji saboda bai iya karatun ba kuma yana jin kunya, kinga duk korar da kuka yi masa buƙatarsa kuka biya.

Kar ki sa ran canji a zango ɗaya, yakan ɗauki shekara 2 zuwa 3 kafin ya zauna. Wannan watan ki fara da rejistar kawai, ki kai ta taron malamai na gaba su gani da idonsu kafin ki ambaci wani sabon tsari.