Ina so in bar shago in koma zane, amma tsoro ya hana ni

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon atamfa da leshi a Kantin Kwari, shekara biyar ke nan. Tun ina makaranta hannuna ya faɗa da zane, yanzu ma da dare nake zana fuskokin mutane da fensir, wani lokacin in rubuta aya ko suna da ado. Abokai suna yabawa, mutum uku sun taɓa saya. Zuciyata tana wajen zanen, amma mahaifina ya ce wannan ba sana'a ba ce, ni ma ina shakkar ko na isa. In sayar da kayan shago in zuba kuɗin a zane, ko in haƙura in binne abin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka karyar da ko turmi ɗaya saboda zane, kada kuma ka binne zanen. A halin da kake ciki shagon nan shi ne ubangidan zanenka, shi zai ciyar da shi har ya tsaya da ƙafarsa. Mai zanen da cefane ya matsa wa ba ya iya cewa albarka. Duk abin da aka taya zai sallama, kuma da zarar an san ka da aikin dubu biyar, ranar da ka ce dubu talatin sai a ga kamar ka yi sabon girman kai.

Maganar Baba ma ka saurare ta da kunnen ɗan kasuwa. Bai ce hannunka bai iya ba. Abin da yake tambaya shi ne daga ina kuɗin hatsi da na haya za su fito, kuma wannan tambaya littafin lissafi ne kaɗai ke amsa ta. Saboda haka ka yi gwaji na wata shida. Ka ware wa zane jarinsa, wanda ko ya salwanta shago ba zai girgiza ba, kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na jarin shagon. Ka buɗe masa asusu na daban, don in kuɗin zane da na atamfa suka gauraya a aljihu ɗaya, bayan wata shida ba za ka san wanda ya ci wani ba. Ka tsayar da awa 12 a mako, misali awa ɗaya da rabi bayan isha'i kwana biyar, sauran ranar da ba ka fita kasuwa. Kowane aiki ka rubuta ranar da ka fara, abin da ka kashe, awannin da ya ci, abin da aka biya, da kuma yadda mai sayen ya san ka. Wannan layi na ƙarshe ya fi sauran muhimmanci. Aboki da ɗan'uwa suna saye don kunya ko don ƙauna, baƙon da bai san sunan kakanku ba shi ne kasuwa.

Inda masu zane suka fi cutar kansu shi ne farashi, don suna lissafa takarda da fenti su manta da lokacinsu. Kai kana da ma'auni a hannu, wato shagon. A ɗauka, don misali kawai, ribarka a wata naira 260,000 ce, kana zama kwana 26, awa 10 kullum. Awarka ɗaya ta kama naira 1,000. Zanen fuska a takarda A3, wadda faɗinta santimita 29.7 ne tsawonta 42, a ce ya ci awa 14, wato 14,000. Takarda, fensir, feshin riƙe zane, firam da gilashi, kuɗin mota zuwa wurin mai firam da data, a ce 11,000. An samu 25,000. Ka ɗora kashi 20 cikin 100 saboda takardar da za ta lalace da gilashin da zai fashe a hanya, farashi ya zama 30,000. In ka ji nauyi ka sallama a 15,000, abin da ya rage maka bayan kaya 4,000 ne a kan awa 14, ko naira 300 awarka ba ta kai ba. Ka sa naka alƙaluman a gurbin waɗannan ka gani.

Kada ka ɗora fensir sai an ba da kafin alƙalami, rabin kuɗi. Zanen fuskar matar wani ba atamfa ba ne da za ka mayar kan kanta in an fasa, babu mai sayensa sai wanda ya sa aka yi. Ku rubuta sharuɗɗa a WhatsApp: girman takarda, fuska nawa, da firam ko babu, ranar bayarwa, da cewa gyara sau biyu ne kyauta. Rigimar da ta fi yawa a wannan aiki ita ce "bai yi kama da ni ba", kuma sau da yawa laifin hoton da aka turo ne, ko dai ya yi dishi-dishi, ko manhajar waya ta goge duk wata alama ta fuskar. Ka nemi hoto biyu ko uku da aka ɗauka da hasken rana. Idan ka gama shata ido da hanci da baki, kafin ka fara inuwa, ka tura a gani, don a nan gyara ke da sauƙi. Aikin da aka gama kuwa ba ya barin hannunka sai cikon kuɗi ya shigo. Lokacin siyasa za a zo maka da manyan oda na hotunan 'yan takara da alƙawarin "Oga zai gani". Wannan kam kuɗi duka a gaba. Hoton mace kuma, ko na kowa ma, kada ka sa a Facebook ko TikTok sai da izinin mai shi.

Wani ɓangare na shakkar da kake ji ba daga hannunka yake ba, daga kayan aiki ne. Takardar kwafi mai nauyin giram 80 tana yamutsewa, magogi yana cinye ta, bayan ɗan lokaci ta yi ja. Ka nemi takardar zane mai giram 200 zuwa sama. Fensir HB na shata ne, 2B da 4B na inuwa, 6B da 8B na duhu. In ka danne fensir da ƙarfi don neman baƙi, wurin zai riƙa ƙyalli kamar gwangwani in haske ya doke shi. Baƙi wuluk na gashi ko ƙwayar ido da gawayin zane ake samunsa, kuma gawayi ake fara sawa, don ba ya kama wurin da fensir ya riga ya yi santsi. Ka shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin tafin hannunka, gumi da maiƙon hannu suna barin tabon da ba ya fita. In ka gama, ka fesa maganin da ke riƙe gawayi, fesawa mara nauyi sau biyu ko uku daga nisan kamar santimita 30. Feshin gashi na mata yana riƙewa, amma yana sa takarda ta yi rawaya.

Mai firam ma sai ka tsaya a kansa. Idan gilashi ya manne da zanen, laimar damina za ta taru a tsakani, gawayi ya bi gilashi, takarda ta yi fumfuna. A sa kwali mai kauri a zagaye don ya raba su, a liƙe bayan da salatif ta yadda ƙurar hunturu da kyankyaso ba za su shiga ba. In ka koma fenti, na ruwa mai saurin bushewa da ake kira akirilik yana daskarewa a faranti cikin 'yan mintoci lokacin hunturu, sai ka shimfiɗa jiƙaƙƙen soso da takarda a kai ka matsa fentin a sama. Fentin mai kuwa yana kwanaki bai bushe ba, kuma sai ya yi watanni kafin a shafa masa banish, don haka kada ka ɗauki alƙawarin kyautar biki na mako mai zuwa da shi. A nan zamanka a Kwari ma riba ne, don ka fi kowane ɗalibin zane sanin inda ake samun yadin auduga mai kauri, wanda ake zanen fenti a kai, da farashin sari. Ka ja shi a busasshen katako, ɗanye yana lanƙwashewa, ka shafa farin share-fage sau biyu ko uku kafin ka fara. In babu shi yadi zai shanye fentin, na mai kuma a hankali ya cinye zaren.

"Ko na isa" tambaya ce da ba a amsa ta da tunani a kan katifa. Gwano ba ya jin warin jikinsa, abokai kuma ba za su faɗa maka ba. Ka yi zane 30 ƙanana na abin da ya fi ba ka wahala, yawanci hannu ne da kunne da naɗin rawani, ka rubuta kwanan wata a bayan kowanne, ka ajiye na farko kusa da na talatin. Ka riƙa duba aikinka a madubi ko ka kifa shi kai a ƙasa, nan take idon da ya karkace zai fito. Ka kuma zana mai shayi ko ɗan dako yana zaune a gabanka, don wanda ya saba kwafe hoto da layin murabba'i kawai, ranar da aka ce ya sauya zaman hula sai ya rasa ta cewa. Sannan ka ɗauki guda goma ka kai wa wanda ya fi ka. Sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tsoho ne a wannan fanni. Tun makarantar tana kwaleji, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya, Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Ba sai ka nemi digiri ba. Ka tambayi malami ko ɗalibin ajin ƙarshe abu ɗaya: mene ne kuskuren da ke maimaituwa a cikin waɗannan?

Idan hira ta yi daɗi da Baba, ka juya masa takardar naira 20. Matar da ke jiki tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali. A ƙauye ta koyi sana'ar wurin 'yan'uwa, ta yi shekaru tana gina tukwane har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara aikinta a gidansa, sannan a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Baturen Ingila Michael Cardew a tsohuwar Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja. Aiki ne ya riga suna zuwa.

Akwai wata shakka da ba ka ambata ba, amma duk mai zane a Arewa ya san ta: hukuncin zana abu mai rai. Wannan fagen malamai ne, ka je wurin malamin da ka amince da shi ka samu natsuwa tun yanzu, don amsar ita za ta nuna maka kasuwar da za ka fuskanta. Ta fuskar ciniki dai, rubutun ado da zanen wurare ba su gaza zanen fuska ba, wataƙila ma sun fi shi faɗi. Ayatul Kursiyyu ta falo, sunan ango da amarya, allon zayyana na sauka, dagi, Dutsen Dala, rijiyoyin marinar Ƙofar Mata, duk suna shiga gidan da hoton fuska ba zai shiga ba. Sai dai aya ba a rubuta ta da ka. Ka shata da fensir, alaramma ya duba wasali da ɗigo, ka kuma tambayi mai aikin ko rubutun Warshu yake so ko na Hafsi, kafin tawada ta taɓa takarda. Wata fa'idar zanen wurare kuma, zanen fuska sau ɗaya ake sayar da shi, amma zanen marina za ka iya ɗaukar hotonsa mai kyau a buga maka kwafi 30 a takarda mai kauri, ka sa hannu da lamba a kowanne, awannin da ka kashe sau ɗaya su biya ka sau talatin. Haƙƙin mallakar zanenka naka ne tun ranar da ka yi shi, ba sai ka yi rajista ba. Haka shi ma mai ɗaukar hoto yake da haƙƙin nasa, don haka kada ka kwafe hoton wani daga intanet ka buga ka sayar.

Ka rataye guda biyu mafi kyau a shagon, da lambar waya a ƙasa. Masu haɗa lefe su ne dai masu neman kyautar biki. Amma cikin azumi, lokacin da Kwari ke cika maƙil, kada ka karɓi odar zane mai wa'adi, don za ka saɓa alƙawari ko ka bar cinikin shekara ya wuce ka.

Barin zaman shago sai ribar zane, bayan an cire kaya, ta ɗauki cefanen gida wata shida a jere, kana da ajiyar wata shida a gefe, kuma fiye da rabin masu sayen baƙi ne. Ko a lokacin ma ba sayarwa za ka yi ba, don shago a Kwari in ya fita hannu dawowarsa da wuya. Ka zaunar da ƙane ko yaro amintacce, ku riƙa ƙidayar kaya duk mako. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC kuma ta jira sai ofisoshi da otal-otal sun fara neman rasit mai suna.

In wata shida suka cika lissafi bai fita ba, littafin zai nuna inda ciwon yake. Ana tambayar farashi ana gudu, to ba masu kuɗin wannan aiki kake nuna wa ba, ko kuma kana buƙatar ƙaramin A4 mai sauƙin kuɗi. Babu mai tambaya ko kaɗan, aikin bai fita daga ɗakinka ba. Ana saye ba a dawowa, ka koma kan zane talatin ɗin nan. Ana saye ana dawowa amma asusu fayau, farashinka ne ya yi ƙasa. In kuwa ka duba layin awanni ka tarar daga 12 ɗin nan uku kawai kake cikawa a mako, to ba a gwada kasuwar ba tukuna. Ka rage zuwa awa shida, ka tsayar musu da rana da lokaci, ka sake gwajin wata uku.