Injin Hilux na ɗaukar zafi a Hawan Kibo: abin da waya za ta iya nuna maka

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da Toyota Hilux ƙirar 2012 mai shan fetur, mai giya otomatik, kuma ina jan ƙaramar tirela ɗauke da doya daga Lafiya zuwa Jos. Idan motar ba ta janye da komai lafiya lau take, amma da zarar na kama Hawan Kibo da tirela sai allurar zafi ta tashi, har sau biyu ruwa ya tafasa. Bakanike ya wanke lagireto, ya kuma ce a cire tamostat a jefar. Wani abokina ya ce akwai na'urar da ake haɗawa da waya ta faɗi matsalar mota. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Lafiya, Jihar Nasarawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka ya faɗi gaskiya, sai dai na'urar ba za ta ce maka ga abin da ya lalace ka je ka saya ba. Abin da za ta ba ka shi ne ainihin zafin ruwan injin a lamba, daƙiƙa bayan daƙiƙa, kuma a irin matsalarka wannan lambar ta fi komai amfani. Dalili kuwa shi ne allurar da ke gaban direba a yawancin motocin zamani an tsara ta ne ta tsaya cak a tsakiya muddin zafi yana cikin wani faɗi mai yawa, don kada hankalin direba ya riƙa tashi, saboda haka lokacin da ka ga ta motsa a tsakiyar hawa, injin ya daɗe da fara wahala.

Ka leƙa ƙasan sitiyari, kusa da gwiwar direba, za ka ga wani soket mai ramuka 16. Sunansa OBD2, an wajabta shi a motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, Turai ta biyo baya a 2001 ga masu fetur, daga bisani kuma masu dizal. Ƙaramar adaftar da ake sokawa a ciki galibi ana kiranta ELM327, sunan wani ɗan guntun kwamfuta da wani kamfanin Kanada ya ƙera, kodayake mafi yawan waɗanda ke kasuwa kwaikwayo ne. Tana magana da waya ta Bluetooth, sai ka sauke manhaja irin su Torque ko Car Scanner, ka kunna mota, ka zaɓi ma'aunin zafin ruwan injin ya fito da manyan lambobi a fuskar waya. Ka gwada adaftar a motarka a gaban mai shago kafin ka biya kuɗi, domin wasu motocin da aka ƙera don kasuwar Afirka da Gabas ta Tsakiya suna da soket ɗin amma ba kowace adafta suke amsa wa ba.

Abu na farko da za ka yi shi ne duba lambobin kuskure da kwamfutar motar ta ajiye. P0217 na nufin injin ya taɓa wuce iyakar zafi, P0218 man giya ne ya yi zafi fiye da kima, daga P0115 zuwa P0119 kuwa matsala ce a na'urar da ke auna zafin ko wayoyinta. Ka ɗauki hoton abin da ka gani, kuma kada ka danna maɓallin gogewa, domin tare da lambar kwamfutar takan ajiye yanayin da injin yake ciki a daidai lokacin da abin ya faru, wato gudu da zafi da nauyin aikin injin, kuma gogewa na tafiya da su duka. Akwai kuma gwaji mai sauƙi da sassafe kafin a tayar da mota: zafin ruwa da zafin iskar da injin ke shaƙa ya kamata su yi kusan daidai da juna, tunda motar ta kwana a sanyi. Idan akwai tazara mai yawa a tsakaninsu, na'urar aunawa ce ke ƙarya.

Daga nan sai aikin gaske. Ka sa manhajar ta riƙa rubuta zafin ruwa, gudun mota da juyin injin a cikin fayil, ka ɗaura tirela, ka bi hanyar da ka saba, ka bar yaron mota ya riƙe wayar yana karanto maka, kai kuma idonka yana kan titi, domin Hawan Kibo ba wurin duba waya ba ne. Tamostat ɗin irin wannan injin, wato ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan injin ya yi zafi, yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82, lafiyayyen injin kuma yakan zauna tsakanin 85 da 95. Ya taɓa 100 a tsakiyar hawa da kaya ba abin tashin hankali ba ne idan ya sauko da ka kai tudu. Idan ya haura 105 kuma yana ci gaba da hawa, ka rage gudu, ka kashe na'urar sanyaya ɗaki, ka nemi gefen hanya. Kada ka jira ya kai 110.

Lokacin da lambar ke tashi shi ne ke nuna inda laifin yake. Idan a shimfiɗaɗɗen titi, kana gudun kilomita 80, zafi yana zaune daram, amma da ka sauko 30 ko 40 a kan hawa sai ya fara tafiya, to iska ce ba ta isa, kuma wanda na fi zargi a motarka shi ne kulocin fanka. Fankar Hilux ba ta lantarki ba ce, bel ne ke juya ta ta hanyar wani kuloci mai man silikon a ciki, wanda ke kamawa sosai idan iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi. Idan man ya tsiyaye ko ya mutu, fanka za ta ci gaba da juyawa, mai kallo ya ɗauka lafiya take, alhali ba ta jan iskar kirki. A gudu ba za ka gane ba, saboda iskar hanya ce ke yin aikin. A hawa da kaya kuwa, inda injin ke ƙona fetur mafi yawa, iskar hanya kuma ta yi ƙaranci, nan asirinta ke tonuwa. Lafiyayyen kuloci ana jin rurinsa kamar na babbar mota idan injin ya yi zafi. Ka kashe injin yana da zafi, ka zare makulli, ka tura reshen fankar da hannu: idan ta tsaya nan take tana da ƙarfi, idan kuwa ta zagaya sau uku ko huɗu a sake, ko ka ga danƙon mai da ƙura a fuskar kulocin, ka samo ɓarawon.

Idan akasin haka ne, wato zafin yana ƙaruwa ne yayin da kake ƙara gudu ko a titi mai kyau, to ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, ko lagireton ba ya iya zubar da zafin. Wankin da bakanike ya yi da tiyo ba ya fitar da tsatsa da gishirin da ruwan rijiya ko na famfo ke dasawa a cikin siraran bututun. Ma'aunin zafi mai kama da bindiga, irin wanda ake haskawa daga nesa, zai nuna maka wuraren da suka yi sanyi a jikin lagireto alhali gefensu na da zafi, kuma waɗannan su ne bututun da suka toshe. Ka leƙa kuma tsakanin lagireto da kwandensar na'urar sanyaya ɗaki da ke gabansa, inda ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da ƙwari ke taruwa su zama kamar bargo, ba a kuma ganinsu daga waje. Tsohon tiyon da ke ƙasan lagireto yakan maƙure idan an taka totur, fuka-fukan famfon ruwa kuma tsatsa kan cinye su.

Murfin lagireto ya cancanci kulawa fiye da yadda ake ba shi. Matsin da yake riƙewa, bar 0.9 ko 1.1 gwargwadon abin da aka rubuta a kansa, shi ne ke hana ruwa tafasa sai ya kai kusan digiri 120. Jos tana bisa tudu na kimanin mita 1,200, inda ruwan da ba a rufe ba ke tafasa a wajen digiri 96, ka ga kenan murfin da robarsa ta mutu zai bar ruwanka ya tafasa a zafin da lafiyayyar mota ba za ta ko ji ba. Idan waya ta nuna 98 amma kana ganin ruwa na malala daga robar ajiya, ka fara da murfi, shi ne mafi arha.

Giyar otomatik ma tana da nata kason. A hawa da kaya man giya yana zafi ƙwarai, kuma a cikin lagireton ne ake sanyaya shi, wato yana zuba nasa zafin a kan na injin. Kada ka bar ta a D tana hawa tana sauka da kanta, ka mayar da ita 3 ko 2 tun daga gindin hawa, domin juyin injin ya ɗaga, famfon ruwa da fanka su yi sauri. Zafin man giya ba ya cikin bayanan gama-gari, sai ka zaɓi tsarin Toyota a cikin manhajar kafin ya bayyana, idan adaftar ta iya. Ka kuma taɓa gefen ƙafafun tirelar bayan tafiya, domin birkin da ke kamawa ko tayar da ba ta da iska suna ƙara wa injin nauyin da ba ka ɗora ba, sannan ka duba littafin motar: tirelar da ba ta da birkin kanta galibi ba a yarda ta wuce kilo 750 ba, kuma doya ba ta da wuyar wuce wannan.

Game da shawarar cire tamostat, ban goyi bayanta ba ko kaɗan. Na san al'ada ce da ta bazu a garejojinmu da hujjar cewa kayan ƙasashen sanyi ne, amma injin da ba shi da tamostat yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta riƙa ƙara masa fetur, sassansa su riƙa cin juna, kuma a injuna da dama tamostat ne ke rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma injin ba tare da ya shiga lagireto ba. Idan ana zarginsa, a jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta a ga ko zai buɗe kafin ruwan ya tafasa, idan bai buɗe ba a sa sabo.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne tafasar nan sau biyu, domin kan silinda na wannan injin alminiyom ne, kuma zafi kan lanƙwasa shi ya ƙona gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan silinda da gangar injin. Da safe, injin na sanyi, ka buɗe murfi ka tayar da mota: kumfa da ke ta ɓullowa ba tsayawa, tiyon sama da ke yin tauri cikin minti ɗaya ko biyu idan an tayar da motar murfi na rufe, ko ruwan da ke raguwa kullum ba a ga inda yake ɗiga ba, duk alamun gasket ne, kuma wannan waya ba ta ganinsa. Akwai ma wani tarko: idan ruwa ya ƙare, na'urar aunawa ba ta cikin ruwa kuma, lambar na iya faɗuwa alhali injin na ƙonewa. Idan ka ga ta faɗi farat ɗaya a tsakiyar hawa, ka tsaya ka kashe mota, kuma kada ka taɓa murfin sai bayan aƙalla rabin awa.

Tambaya: Malam, na sayi irin wannan adafta amma iPhone ɗina ya ƙi ganinta, alhali wayar ƙanena ta Android ta haɗu nan take. Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, wayarki lafiya take. Adaftoci masu araha suna amfani da tsohon tsarin Bluetooth wanda iPhone ba ya buɗe wa irin waɗannan na'urori. Ki nemi wadda aka rubuta BLE ko Bluetooth 4.0 a jikinta, ko kuma mai Wi-Fi, kuma mai BLE daga cikin manhajar ake haɗa ta, ba daga saitin waya ba. Ki riƙa zare ta idan kin ajiye mota, domin soket ɗin yana da wuta ko an kashe injin, tana iya shanye batir idan motar ta yi kwanaki a ajiye, kuma lambar sirrin yawancinsu 1234 ce ko 0000, wadda duk wanda ke tsaye kusa da motar zai iya gwadawa.