Amsa ga ɗan'uwan da ke neman kuben fata

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi. Ka ce kuben da wuƙarka ta zo da shi ya saki, tana rawa a ciki, kuma ka ga na fata guda biyu, ɗaya mai laushi da zane-zane, ɗaya mai kauri babu ado, kana tambayar wanda za ka ɗauka don shiga daji. Don Allah kada ka biya kuɗin ko ɗaya sai ka duba gefen ɗinkinsa.

Ka ƙirga fatun da ke gefen da kaifi yake kwanciya. Uku ya kamata ka gani: ta gaba, ta baya, da wani ziri a tsakiyarsu. A kan zirin nan kaifi yake zama. In babu shi, zaren ɗinki kaifin zai riƙa ci, yau kaɗan gobe kaɗan, kai kuma ba ka gani domin daga ciki ɓarnar take.

Abin da ya same ni ke nan. Wani baduku na ba aikin, na kai masa wuƙar da hannuna, na gaya masa daji nake shiga da ita. Da na je karɓa na tambaye shi ko ya sa zirin, ya ce ya sa, har da rantsuwa. Ashe bakin fatar ya goge, ya shafe shi da rini da kaki yadda ba za a gane ba. Kube ya yi kyau, ashe kyan ɗan maciji ne. Muna saukowa daga wani gangare ƙafata ta zame, na faɗi ta gefen dama, tsinin ya fasa ɗinkin ya shige cinyata. Da farko ban ji zafi ba, ɗumi kawai na ji yana bin ƙafata, sai da na duba na ga jini ya cika takalmi. Abokin tafiyata ya yage rigarsa ya danne wurin, hannunsa na karkarwa, yana ta kiran sunana kada in suma. Waya babu sabis, titi kuma da nisa. Wallahi a ranar na saddaƙar, iyalina kawai nake tunani. Likitan da ya ɗinke ni ya ce da tsinin ya karkata ciki kaɗan, babbar jijiyar jinin cinya zai samu, kuma wannan in ta yanke mintuna kaɗan ne.

Da na warke na koma wa mutumin da kuben a hannu, na ɓare masa ɗinkin a gabansa. Ka san abin da ya ce? Wai wuƙata ce ta cika kaifi. Ko sannu bai ce mini ba, ya ci gaba da aikinsa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, domin zirin nan guntun fata ne da ake zubarwa a ƙasan teburinsa, amma ya zaɓi ya yi mini ƙarya.

Mai laushin nan da ka gani, ka dubi inda aka yanka fatar. In cikinta ya yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka, jimar kurom ce, wato wadda aka jeme da sinadari, ta jaka da takalmi. Ba ta riƙe siffar wuƙa, kuma gishirin jimarta na jawo tsatsa, balle in wuƙarka ta baƙin ƙarfe ce mai saurin tsatsa, irin wanda ake kira 1095. Wadda aka jeme da ɓawon itace ake nema, mai kaurin milimita 3 zuwa 3.5, masu sayarwa kan rubuta 8 zuwa 9 oz. Ita ce in aka jiƙa ta aka matse a jikin wuƙa take bushewa da siffarta.

Ka tafi da wuƙarka, ka zura ta, ka kife kuben ka girgiza a hankali a kan tebur. In ta faɗo, ka bar musu kayansu. Ni yanzu mai zurfi nake so, wanda yake haɗiye fiye da rabin mariƙi, irin na wuƙaƙen puukko na Finland, domin babu igiyar da za ta tsinke. In mai igiya da maɓalli ne, ka lura kada kaifi ya riƙa shafar igiyar wajen zarewa. Ƙusoshin da ake bugawa a gefen kube ma ka duba, in kaifi na taɓa su za su dakusar maka da shi. Ɗinkin hannu na allura biyu da zare mai kaki ya fi na keke, ko da ɗinki ɗaya ya tsinke sauran ba sa warwarewa.

Kuma ina roƙonka, duk wanda ka saya, ka rataya shi a gefen ƙugu ko ɗan baya, kada ya zo gaban cinya. Ka sa bandeji a aljihun jikinka, ba can ƙasan jaka ba, kuma ka koya wa wanda kuke tafiya tare yadda ake danne jini. Na san ba wannan ka tambaya ba, amma ba zan iya yin shiru ba.

In ruwa ya doke ka, ka zare wuƙar, ka bar kuben ya bushe a inuwa. Wuta na ƙanƙance fata ta tsage ta. Kada ka cika masa mai, zai yi laushi ya saki. A gida kuma ka ajiye wuƙar da kuben daban, domin fata na riƙe laima.

Ka ɗauko hoton gefen ɗinkin mai kaurin nan daga kusa, da na cikin bakinsa, ka turo nan mu duba maka kafin ka biya.